Dogon Wandon Kailu

Ranar da Kailu ya fara ganin Nuriyya, ba neman aure ya kai shi unguwar Adjamé ta Abidjan ba, bakin wandonsa ne ya zare. Ya sauko daga gbaka, ƙananan motocin hayar nan da ake cusa mutane kamar buhunan albasa, ya bi layin teloli da ke bayan Mairie, ofishin magajin gari, yana neman wanda ba shi da yawan tambaya. Can ƙarshen rumfa ya hango wata yarinya ta sunkuyar da kai a kan keken ɗinki, ya ce a ransa wannan dai ba ta da surutu. Bawan Allah, da ya sani.

Ya yi sallama, ya ciro wando daga leda ya miƙa mata. Ta ɗaga shi ta duba bakin ƙafar da ya sha ƙasa har ya yi gashi, sannan ta dubi wanda ke jikinsa. Shi ma haka yake, dogo ne mai faɗi, ya taru ya nannaɗe a kan takalmi, bayansa na jan ƙasa.

"Malam, Mairie na biyan ka ne?" ta tambaye shi.

"Biyan mi?"

"Shara mana. Tun daga bakin titi kake share musu hanya kyauta."

Ashe duk sunkuyawar nan tana ganin kowa. Telolin da ke kusa suka kwashe da dariya. Kailu ya ji kunya ta rufe shi, amma da ya dubi fuskarta bai ga wulaƙanci ba, tsokana ce kawai irin ta wadda ta saba da mutane.

"Yatsa huɗu zan rage maka," in ji ta, tana janyo almakashi. "Ka huta da gyara, ka kuma yi kyau."

"A'a!" Muryarsa ta fito da ƙarfi har shi kansa ya tsorata. Ya sassauta. "Don Allah kada ki rage ko zare ɗaya. Gyara nike so, ba yankewa ba."

Nuriyya ta ajiye almakashin a hankali, ta ɗan ƙura masa ido. "To, pardon. Zan sa maka ƙyalle mai ƙarfi ta ciki, shi ya riƙa shan ƙasar a madadin wandon. Ka bar mini lambarka, in na gama in sanar da kai."

Abin da Nuriyya ba ta sani ba, abin da duk faɗin Abidjan ba wanda ya sani, shi ne abin da wandon ke rufewa. Shan inna ya taɓa Kailu tun yana ƙarami a Madawa, can ƙasar Nijar, ya bar masa ƙafar hagu siririya, gajera. A garinsu ba a kiransa Kailu sai an ƙara masa Gurgu, har masu ƙaunarsa haka suke kiransa. Da ya isa aure ya nemi wata 'yar unguwarsu, kawunta ya ce a gaban jama'a su ba su rasa masu ƙafa biyu ba. A shekarar ya bar gida. Ya samu wani baduku ya ɗinka masa takalmi mai kaurin ƙasa da ke cike gibin, ya sayi dogayen wanduna ya rufe takalmin, ya shigo Abidjan yana Kailu kawai. Ɗan karkacewar da ya rage a tafiyarsa, mutane suka ɗauka yanga ce.

Ya samu sunansa, amma ya rasa mutane. Ba a shiga ɗakin kowa da takalmi, ba a hawa tabarma da shi, ba a shiga masallaci da shi, don haka Kailu ya daina shiga ko'ina. A gidan hayar da yake zaune a unguwar Biafra, cikin Treichville da ke hayin gada, 'yan Nijar ne cike. Idan suka shimfiɗa tabarma da yamma suka ɗora shayi, sai ya gaishe su daga tsaye ya ce ya gaji, ya shige ɗaki yana jin dariyarsu ta bango. Ranar Juma'a sai an kusa tayar da salla yake zuwa, ya raɓe a bakin titi bayan kowa, ya zauna tukuna sannan ya zame takalmin a ƙarƙashin riga. A tashar jirgin ruwa yana tuƙa injin ɗaga kaya a wani siton shinkafa, yini guda a zaune, ba mai ganin ƙafarsa, ba kuma mai yi masa magana. Kaɗaici ya ci shi har ya saba, ya ɗauka haka rayuwa take.

Sai ga saƙo ya shigo wayar da ba mai kira.

"Mai Tsintsiya, na gama wandonka. In ba ka zo ba zan kai wa Mairie su ci gaba da aiki da shi."

Kailu ya yi dariya shi kaɗai a kan injin, har mai gadin sito ya waiwayo.

Daga nan wandunansa suka kama lalacewa da saurin da ba a taɓa gani ba. Duk ƙarshen mako sai ya haye gada ya nufi Adjamé da leda a hannu. Da waɗanda suka zare suka ƙare, ya ɗauki wani mai lafiya ƙalau ya goga bakinsa a simintin ƙofar ɗaki. Nuriyya ta juya shi sau ɗaya ta ce, "Wannan ba titi ne ya ci shi ba, hannu ne ya goga. Ka daina azabtar da kayanka, Mai Tsintsiya. In hira kake so, ga benci nan."

Benci kuwa ba ya neman a cire takalmi. Nan Kailu ya samu wurin zama na farko a garin. Takan raba masa soyayyar ayabarta a takarda, tana taka keke tana ba shi labarin masu kawo ɗinki, Hausarta na gauraye da Faransanci irin ta 'ya'yan da aka haifa a nan. Shi kuma yana gyara mata kalmomi, tana ce masa baƙauye.

"Wai kai ba ka da abokai ne?" ta tambaye shi wata rana. "Ban taɓa jin ka ambaci sunan kowa ba."

Ya dubi hannuwansa. "Kafin ke, Nuri, sai in yini in kwana ban yi magana da kowa ba in ba injin ba."

Keken ya tsaya. Ta dube shi da wani irin tausayi. Saura kaɗan ya faɗa mata komai. Sai ya tuna da muryar kawun nan, ya haɗiye maganar.

"To yanzu ga ni," in ji ta a hankali. "Kuma na fi injin surutu."

Da yammar ranar ya tura mata saƙo: "Na isa gida lafiya. Ki ajiye mini wandon, ki ajiye mini mai ɗinkin."

Ta amsa: "Wandon dai. Mai ɗinkin sai ka tambayi Baba."

Ya karanta ya sake karantawa, farin ciki ya cika shi. Sai daga baya tsoro ya biyo, domin Baba yana da tabarma.

Mahaifin Nuriyya, Malam Zainulabidin, malamin allo ne da ya tsufa a Adjamé, rabin 'yan kasuwar unguwar a gabansa suka yi karatu. Mutum ne mai sauƙin kai a kan abubuwa da yawa, amma akwai abu ɗaya da ba ya ɗaga ƙafa a kansa: namiji ya saki wando ya wuce idon sawu. Ya ce jan tufa a ƙasa girman kai ne ya yi yawa a ciki har ya zubo waje. Ɗalibansa kuwa ko a cikin taro ana gane su ta ƙafa. Cikinsu akwai Faruk, mai shagon wayoyi, wanda ya daɗe yana kawo wa Malam gaisuwa yana satar kallon ƙofar gida.

Tsautsayi ya sa wata yamma Kailu ya raka Nuriyya yana riƙe mata jakar yadi, suka karyo kwana sai ga Malam zaune a rumfar ƙofar gida, Faruk na gefensa. Ba halin juyawa. Nuriyya ta karɓi jakarta ta shige ciki.

"Bismillah, samari, hawo tabarma," in ji Malam, yana matsawa ya ba shi wuri.

Kailu ya tsaya a bakin tabarmar kamar an kafe shi. Ya ɗan rusuna daga tsaye. "Allah gafarta Malam, sauri nike yi."

Malam ya dubi takalmin da aka ƙi cirewa, ya dubi wandon da ya taru a kansa yana lasar ƙasa. Bai ɗaga murya ba. "To, Allah ya kiyaye hanya."

Kailu ya juya, da ɗan karkacewar nan tasa, ya ji Faruk na cewa a bayansa, "Malam, ka ga ma tafiyar. 'Yan gayun Treichville ke nan."

Nuriyya ta sha wahala kafin ta gyara abin da ya ɓaci a ranar. Ta bi ta hannun mahaifiyarta, ta yi kuka, ta yi rantsuwa cewa Kailu ba mai girman kai ba ne, kunya ce ta yi masa yawa. Da ƙyar Malam ya ce ya zo ranar Lahadi ya gan shi.

Kailu ya shiga shiri irin nasa. Kullum in ya dawo aiki sai ya rufe ƙofa, ya cire takalmi, ya yi ta koyon tafiya a kan yatsun ƙafar hagu, dogon wandon na rufe ɗagawar diddigen. Taku kaɗan ne daga bakin tabarma zuwa wurin zama. Zai tura takalmin ƙarƙashin benci, ya taka da sauri, ya zauna ya naɗe ƙafa. Abin da zai biyo baya kuma, aure da zama ɗaki ɗaya, ya ƙi barin zuciyarsa ta je can.

"Kawo mini duk wandunanka na kirki in wanke in goge," Nuriyya ta ce masa. "Ba za ka je gaban Baba a yamutse ba."

Ya kai mata da murna. Ranar Asabar ta miƙo masa su a naɗe cikin takarda, idonta na ƙyalli. "Kada ka buɗe sai ka je gida."

A gida ya buɗe. Ya ɗaga na farko, ya ga ya gajarce. Ya ɗaga na biyu, ya ɗaga sauran. Ta yi musu yadda kowane tela ke yi: ta haɗa ƙafafuwan biyu, ta ja alli, ta datse lokaci ɗaya, ta kalmashe baki tsaf. Ɗinki ne mai kyau, ba abin da za a kushe. Yana tsaye riƙe da su saƙonta ya shigo.

"Ka gani? Kada ka yi fushi, masoyina. Baba ya rantse ba zai saurari mai jan wando ba, ni kuma na san in na tambaye ka za ka ƙi. Don mu na yi. Wallahi za ka yi kyau gobe."

Ya sa ɗaya ya tsaya gaban ɗan madubinsa da ya jingine a ƙasa. Ga takalmin nan a fili, ƙasansa kamar bulo, ga siririn ƙauri a samansa. Kailu Gurgu ne ke dubansa daga madubin, bayan duk shekarun nan. Ya zauna a bakin katifa. Bai ji haushinta ba ko kaɗan, ta ina za ta sani? Ya dai ga ƙofofin biyu sun rufe. In ya sayi wani dogon wando Malam ba zai saurare shi ba, in ya je da wannan kuma za a sake faɗa masa maganar da ta kore shi daga gida, wannan karon a gaban Nuriyya.

Lahadi ta zo, bai fita ba. Wayar na kan katifa tana haske.

"Kana ina? Baba ya zauna tun ɗazu."

"Kailu, Mama ta dafa abinci, yana hucewa. Ko gbaka ce ta lalace?"

"Baba ya tashi. Bai ce komai ba, ni ma ban iya duban sa ba."

"In wando ya fi ni a wurinka, ka faɗa mini da bakinka."

Ya rubuta amsa ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Wace kalma ce za ta ɗauki abin? A kwanakin da suka biyo baya kayan aikinsa masu tabon mai yake sawa, ya je sito ya dawo, ya sayi abinci a leda ya ci a ɗaki. Da can bai san kaɗaicinsa yana da nauyi ba. Yanzu da ya ɗanɗana benci da ayaba a takarda, ɗakin ya yi masa faɗi, shirun ya dame shi. Yana kewar ta har cikin ƙashinsa.

Ranar Juma'a saƙo na ƙarshe ya zo.

"Iyayen Faruk za su zo jibi. Baba ya tambaye ni, ba ni da abin da zan ce masa. Na daina fushi, Kailu, kewa ce kawai ta rage. Na san ni na yi laifi da na taɓa abin da ka hana ni. Allah ya ba ka wadda za ta fi ni jin magana."

Wannan layin na ƙarshe ya fi komai ci masa rai. Yana zaune yana kare kunyarsa, ita kuma tana can ta ɗauki laifin da ba nata ba ta ɗora a kai, za ta shiga gidan wani da shi. In za a ƙi shi, gara a ƙi shi a kan gaskiya, ita ta huta.

Ranar Asabar bayan azahar ya sa wandon da ya fi kyau cikin waɗanda ta yanke, ya ɗaure takalminsa, ya buɗe ƙofa. Tsakar gida cike take. Wata mata mai wanki ta dubi ƙafarsa, ta ce, "Yako," kalmar da mutanen garin ke faɗa wa wanda suke tausayi, ta ci gaba da wankinta. A titi wasu sun duba, wasu sun sake dubawa. Amma abin da ya ba shi mamaki, Abidjan ba ta tsaya ba. Masu talla na talla, direbobi na zage-zagensu, gbaka ta ɗauke shi kamar kowa.

Nuriyya na sunkuye a kan keke, ta rame. Kamar kowane tela, ƙafar mutum take fara gani kafin fuskarsa. Ta gane ɗinkinta, sannan ta ga abin da ke ƙasansa. Keken ya yi shiru.

"Abin da nike ɓoyewa ke nan, Nuri," in ji Kailu. "Shan inna ne, tun ina yaro. In na cire takalmin ga, ban iya tafiya daidai."

Ta rufe baki da hannu biyu, hawaye suka zubo. "Innalillahi! Ni na tona maka asiri da hannuna, ina murna na yi abin kirki."

"Ba ki yi komi ba. Ni na ƙi faɗa miki."

Ta share ido da gefen mayafi, sai kuma fushin ya taso. "Ƙwarai kuwa, kai ka ƙi! Ka bar ni ina kuka, na ɗauka tsumma ya raba mu. Wai ka ɗauke ni wace iri ce?"

Ya zauna a bencin ya ba ta labarin Madawa, da sunan da ake kiransa, da abin da kawun yarinyar nan ya faɗa a gaban jama'a. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, maganar na fitowa da ƙyar. Ta saurara har ya gama.

"Ni ba kawun kowa ba ce," ta ce. "Ni Nuriyya ce, kuma kai nake so, da ƙafar, da takalmin, da taurin kan." Ta miƙe ta lulluɓe keken. "Tashi mu je wurin Baba yanzu, kafin ƙarfin halin nan naka ya huce."

Malam na rumfarsa, Faruk na gefe suna maganar zuwan gobe. Nuriyya ta wuce ciki ta tsaya bayan labulen ƙofa. Kailu ya yi sallama. Ya sunkuya ya kwance takalmansa, ya ajiye su a fili inda kowa ke gani, ya hau tabarmar. Bai ɗaga diddige ba, bai yi dabarar da ya koya ba. Ya taka yadda Allah ya yi shi, kafaɗarsa na faɗuwa da kowane taku, har ya iso gaban Malam ya durƙusa.

Faruk ya sunkuyar da kai.

"Allah gafarta Malam," in ji Kailu, "ba raini ya hana ni hawa tabarmarka ba ran nan. Wannan ne."

Malam ya ajiye carbinsa ya dube shi. "Na kira ka mai girman kai a gaban iyalina, na kira ka a gaban wannan yaro, ban taɓa tambayar ka ba. Na ɗauki alhakinka. Ka yafe mini, ɗana."

"Malam, wallahi ba komi."

"Akwai komi. Kai ma kuma kana da naka. Yaushe rabonka da tsayawa cikin sahu, kafaɗa da kafaɗa?"

Kailu ya dubi ƙafarsa.

"Na sani," in ji Malam. "Ƙafa Allah ya yi ta, ba ni da magana a kanta. Amma ba ni ba da ɗiyata ga mai gudun mutane. Yarinyar ga cikin jama'a ta tashi, in ka ɗauke ta za ka kulle ta a ɗaki tare da kai."

Bayan labule aka ji wata 'yar shessheka. Ana cikin haka ladan ya kira la'asar, Malam ya dafa ƙasa ya miƙe.

"Sa takalminka mu tafi."

Masallacin unguwa ba nisa, amma Malam ya rage tafiya, ya jera da shi, duk wanda suka gamu da shi sai ya ce, "Ku gaisa da baƙona." A ƙofa Kailu ya cire takalmi a tsakiyar mutane. Ya nufi kusurwar baya kamar yadda ya saba, Malam ya kama hannunsa ya ja shi har sahun farko, sannan ya wuce gaba don ya ja salla. Aka ce a daidaita sahu. Kailu ya ji kafaɗa ta dama, ya ji kafaɗa ta hagu. Sai ya ji wata ƙafa ta matso ta taɓa siririyar ƙafarsa, ta tsaya a nan ba ta janye ba. Ya saci kallo, ashe Faruk ne. A sujada kukan da Kailu ya riƙe tun daga Madawa ya ƙwace masa, ya jiƙa darduma.

Bayan an sallame, Malam ya kira su biyun gefe. "Faruk, ka yi haƙuri. Yarinya ta faɗa mini wanda take so tun tuni, ni na toshe kunne. Ban yi wa manyanka alkawari ba tukuna, amma da ƙafata zan je in ba su haƙuri."

Idon Faruk ya yi ja. Sannan ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri, Malam," ya miƙa wa Kailu hannu, ya fita da sauri.

"Kai kuma kana da manya a garin ga?" Malam ya tambayi Kailu.

"Babu, Malam."

"Gidan da kake haya, ba 'yan uwanmu a ciki?"

"Akwai."

"To je ka hau tabarmarsu ka roƙe su. In sun zo mini da kai, na ba ka."

Da yammar nan masu shayi a gidan Biafra suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Kailu ya cire takalmi, ya ɗingiso ya zauna a cikinsu. Alhaji Lawali, dattijon gidan mai sayar da goro, ya saurari buƙatarsa yana girgiza kai. "Yaro, mu fa mun ɗauka raina mu ka yi. Ashe wahala kake sha kai kaɗai muna nan zaune." Ya miƙa masa kofin farko. "Daga yau ni ne ubanka a garin ga."

Bayan damina ta wuce aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam. Mutanen Biafra suka cika gbaka biyu suka haye gada, har mai gadin sito ya zo. Wandon ango Nuriyya ce ta ɗinka. Wannan karon mahaifiyarta ta zauna a gefe, Alhaji Lawali ya riƙe igiyar awo, aka auna kowace ƙafa daban, aka yanka kowace daban, ya tsaya daidai idon sawu. Malam ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo. Ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya mai albarka, da gida wanda ba ya rabuwa da baƙi, jama'a suka amsa da amin.

Washegari da safe Nuriyya ta shimfiɗa ƙyalle a tsakar ɗakinsu ta jera koko da ƙosai. Kailu na can ɗaya ƙarshen ɗakin, ba takalmi, hasken taga ya sauka a kan ƙafarsa. Ya tsaya yana jiran ta juya baya, tsohuwar ɗabi'a ba ta sake shi ba tukuna. Ba ta juya ba. Ta tallafe haɓa tana dubansa, tana murmushi.

"Taho mana, angona," ta ce. "Taho a hankali, ba inda zan je."

Ya tako zuwa gare ta. Allah ya bar su tare.